Kalmar da Aka Ja Wa Layi Biyu

Shekarun baya, tun gemuna bai fara fari ba, ni ne shugaban aikin barajin ƙauyenmu, arewa da Tahoua, ta wajen Barmou. Wanda bai san baraji irin namu ba, kada ya kawo wani ƙaton abu a ransa. Bango ne na dutse da siminti da aka gitta wa ƙorama. Tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba, yana da hannu biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, waɗanda suka kama gaɓa. Aikinsa ɗaya ne: idan ruwa ya sauko daga duwatsu da gudu, ya tare shi, ya bazu, ya nutse cikin ƙasa, don rijiyoyin garake, wato lambunanmu, su kai bazara ba su ƙafe ba. Kafin a gina shi albasarmu takan mutu da ƙishi tun ba ta ƙosa ba. Bayan an gina shi, magidanta da dama sun daina tafiya cin rani. To duk shekara idan hadari ya fara haɗuwa, tambayar kowa ɗaya ce, ni kuma ita ce ke hana ni zama wuri ɗaya: bangon zai ɗauki daminar bana?

Karatuna ba mai zurfi ba ne. Na gama firamare, na yi shekara biyu a kwaleji, sai mahaifina ya rasu na bari. Abin da ya sa aka ba ni aikin shi ne tsari. Ina da kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, wanda ba ya rabuwa da aljihuna, komai kuma da lamba nake rubuta shi: ɗaya, biyu, uku. Ko aike zan yi wa matata sai na jera mata. Takan ce da ana sa wa tuwo lamba, da na sa.

Ina da aboki. Tare aka yi mana kaciya, tare muka je Abidjan muna samari, muka yi shekara huɗu muna dako a kasuwa, tare muka dawo. Garkarsa tana gaɓar gabas, taki ashirin ƙasa da hannun bangon. Akwai rijiyar da mahaifinsa ya gina a ciki, da mangwaro uku, da gwaiba, da rudun da yake ajiye albasa. Mutum ne marar tsari ko kaɗan. Fartanyarsa nan, gugansa can, hularsa kan reshe. Kowa a ƙauyen "Shef" yake ce mini, wato shugaba, shi kaɗai yake ce mini "Kwamanda", kuma ba don girmamawa ba.

Lokacin da ake haƙa tushen hannun gabas, yana cikin maginan. Ya tsaya cikin ramin, ya ɗebo ƙasa ya murza, ya ɗago kai.

"Kwamanda, wanga yashi ne. Mu ƙara gina hal mu iske dutse."

"Takarda ta ce mita ɗaya da rabi."

"Takardar ta taɓa kwana bakin ƙoramag ga?"

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce a zuba, aka zuba. Da yamma na rubuta a kaye cewa ya yi gardama a gaban ma'aikata. Lamba ta bakwai ce a shafin ranar, har yanzu ina tune.

Bango ya ɗauki damina biyu lafiya lau. A bazarar shekara ta uku, ƙungiyar da ta taimaka mana da siminti ta aiko za a zo dubawa. Na tara mutane, muka share, muka gyara, na sa aka yi wa hannun gabas sabon shafe aka bi shi da farar ƙasa, don ta nan mota take tsayawa. Tun daga nesa yake ɗaukar ido.

Injiniyar da ta zo mace ce, baƙar fata kamarmu, daga wata ƙasa ta masu Ingilishi. Tafintanta zazzaɓi ya kwantar da shi a Tahoua, sai ita da direba. Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Ta bi bangon daga yamma zuwa gabas ina biye da ita da kayena. Da ta kai gabas sai ta sauka cikin ƙorama ta ɓangaren ƙasa, ta durƙusa cikin yashi da wandonta mai tsabta, ta tura hannu ƙarƙashin wani dutse har kafaɗa. Ta daɗe. Ta tashi ta yi mini magana mai tsawo tana nuni. Ban ji ko ɗaya ba. Amma mutane suna tsaye a gaɓa suna kallon Shef ɗinsu, saboda haka na yi ta gyaɗa kai ina cewa, "Wi, madam. Wi, madam."

Ina jin ta gane ban gane ba. Ta karɓi kayena da bik, wato biro, ta rubuta layi biyu, ta ja wa kalma ɗaya layi biyu a ƙasa har bik ya kusa huda takarda, ta zana kibiya mai nuna gabas. Direba yana ta danna oda, suna da wasu wurare biyu kafin la'asar. Ta buga yatsa a kan rubutun, ta dube ni, ta shiga mota.

Kalmar ita ce undermined.

A gida ina da ƙaramin ƙamus na Ingilishi da Faransanci, tun na kwaleji, gara ta ci bayansa. Bayan sallar la'asar na shimfiɗa tabarma na bi rubutun kalma bayan kalma. Na gano "bango". Na gano "naka". Na gano "gabas". Da na zo kan mai layi biyu, ƙamus ya ba ni kalma biyu na Faransanci: miner da saper. Ta farko na ajiye ta, don a sanina ta masu haƙar ma'adinai ce, mu kuwa ba mu da ma'adinai. Ta biyu kuwa na san ta kamar sunana. Duk wanda ya zauna Abidjan ya san sape. Ranar Lahadi idan yaro ya sa riga mai guga da takalmi mai ƙyalli, sai a ce ya yi sape, wato ya caɓa ado. Sai na haɗa: bangonka ya caɓa ado ta gabas.

Kun ga kuwa ta gabas na sa farar ƙasa. Komai ya zauna daram. Na yi kwana biyar ina tafiya kamar an ƙara mini tsawo.

Matata ce ta ɓata mini. Tana tankaɗe na karanta mata fassarar, karo na uku ke nan. Ba ta ɗago kai ba.

"Malam, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma mace ta durƙusa cikin yashi, ta sa hannu cikin rami hak kahwaɗa, don ta ce maka bango ya yi kwalliya?"

"Haka nan suke aikinsu."

"To. Ni dai na ga huskarta sa'ad da za ta shiga mota. Ba huskar mai yabo ba ce."

Na ce ta kula da garinta. Amma maganar ta shiga. Na koma ƙamus, na sake dubawa, kalmomin nan biyu suna nan yadda na bar su. Na rufe, na buɗe. Na je bakin bango na dube shi, fari tas. Na dawo. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ranar kasuwa na hau motar Tahoua.

Akwai wani malamin Ingilishi a wata kwaleji, maƙwabcin ƙanena, Kirista ne daga kudu, muna ce masa mushe yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, mutum mai fara'a da son zolaya. Na iske shi lokacin hutun hantsi, ƙarƙashin itacen bedi, yana cin ƙosai a takarda. Muka gaisa, na miƙa masa kayen, na gaya masa yadda na fassara. Sai da ya ajiye ƙosan don kada ya shaƙe.

"Shef! Sape? Wayyo cikina. Wannan sape na 'yan Abidjan daban, na ƙamus daban. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu."

"To mushe, mi tac ce?"

Ya share hawaye ya gyara tabarau. "Ta ce ana yi wa bangonka zagon ƙasa ta gabas. Ta ce a yi wani abu kafin ruwa ya sauka."

Ya karɓi bik ya raba kalmar gida biyu a bayan takardar ƙosai. Ya ce rabin farko "ƙarƙashi" yake nufi, rabi na biyu "haƙa". Idan aka haɗa, andamain ke nan: a yi ta haƙa ƙarƙashin abin da yake tsaye har ya rasa abin da zai taka. Ya ce ba rushewa ba ce, don mai rushewa a fili yake zuwa da gatari kowa na gani. Wannan kuwa daga sama ba ka ganin komai, abu yana nan da kyansa, ranar da zai tafi kuma gaba ɗaya zai tafi.

Na buɗe sabon shafi na rubuta. Ɗaya, a ɓoye ake yi. Biyu, kaɗan-kaɗan ake yi. Uku, daga ƙasa ake yi.

"Wa ake yi wa?" na tambaya.

"Kowa da komai. Mataimaki yakan yi wa shugabansa, yana yi masa biyayya a gaba yana zare masa mutane a baya. Ciwo yakan yi wa ƙarfin mutum. Ƙarya takan yi wa yarda."

"Nan wa ka yi?"

Ya sake duba rubutun. "Ba ta faɗa ba. Ta gina maganar ne yadda mai aikin ba ya fitowa, kamar mu ce 'ana yi'. Amma tun da bango ne a cikin ƙorama, ai ruwa ma..."

Nan aka buga ƙarfen komawa aji. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ƙarasa maganarsa yana tafiya, ya ce in gai da gida. Zan faɗi gaskiya, don shekaru na yi ina cewa ƙarar ƙarfen ce ta hana ni ji. Na ji. Ya ce ruwa. Amma na riga na rufe bik, zuciyata kuma ta riga ta tafi wani wuri. A bakinmu, idan aka ce zagon ƙasa, ba wanda yake tuna rami. Mutum ake tunawa. Tun ban kai tasha ba na san wane ne a gabas.

Cikin mota na fara jerawa. Ɗaya, shi ya yi gardama ranar tushe. Biyu, ranar da injiniya ta zo na gan shi yana hira da direbanta. Uku, sau biyu ina isowa inda ake zaman hira dariya tana tsayawa, kuma yana wurin. Huɗu, garkarsa ce a gabas. Kafin mu kai Barmou ina da tara. Wanda yake son lamba, lamba ba ta yi masa wuyar samu.

Ban gaya wa kowa ba. Na fara gadi. Da an sallame asuba sai in bi ta bayan garake in tsaya cikin geza inda nake hango gindin bangon. Kwana biyu ban ga komai ba. Rana ta uku, gari ya waye sosai, sai ga shi ya fito daga garkarsa da sandar ƙarfe. Ya sauka cikin ƙorama, ya durƙusa daidai inda injiniya ta durƙusa, ya tura sandar ƙarƙashin bango. Ta shige duka. Ya zaro, ya duba bakinta, ya sake turawa ta wani gefen.

A ɓoye. Kaɗan-kaɗan. Daga ƙasa. Duka ukun na gani da idona.

Na fito daga cikin gezar ƙaya tana jan rigata.

"A'a, Kwamanda! Yau kai ne ka kwana cikin daji? Taho, taho, Allah ya kawo ka. Kwana nawa ina son in gwada maka, kullum kana sauri awa mai zawo. Miƙo hannunka ka sa cikin ramin ga."

"Ramin da ka gina?"

Ya ɗauka wasa ne. Ya fara dariya, ya dubi fuskata, dariyar ta tsaya.

"Mi kac ce?"

"Na ce ramin da ka gina. Tun ranar tushe kake son a ce kai ad da gaskiya. An rubuto mani. Baƙuwa ma da ta yi awa ɗaya ta gane ana yi mani zagon ƙasa ta gabas."

"Ni?"

"Wa ke gabas?"

Ya dube ni. Sannan ya juya ya dubi garkarsa, da mangwaron, da rijiyar, duk suna ƙasa da bangon, kan hanyar ruwa. Da ina da hankali a lokacin, wannan kallon kaɗai ya isa amsa. Wane mahaukaci ne zai haƙa bangon da ya tsare masa rijiyar ubansa? Amma wannan tambayar ba ta cikin jerina.

Ya ajiye sandar a kan yashi a hankali.

"Shi ke nan, Shef," ya ce. Ya hau gaɓa ya tafi.

A ranar na kira taron kwamiti na cire shi daga masu kula da bango, ban faɗi dalili ba. Na kafa doka: ba mai kusantar gindin bango sai da izinina. Na sa aka sare ƙaya aka kewaye hannun gabas. Ramin kuwa, bakinsa bai fi faifai ba, na kwaɓa siminti da hannuna na toshe shi, na bi da farar ƙasa. Na koma baya na duba. Ba ka ce an taɓa yin rami a wurin ba.

Sati uku tsakanin wannan rana da ruwan farko. Ina so a lura da sati ukun nan, don su ne suka fi ci mini rai. Muna da tulin duwatsu da suka rage daga gini. Muna da waya ta ɗaure su. Da na yi gayya, kwana huɗu sun isa mu tone gindin mu cika shi. Ni kuwa na ƙare su wajen zagaya ƙaya ina neman sawun ƙafa. In zauna cin abinci, in tashi in je in duba. In tafi gona, in bar fartanya in dawo. Idan mutum biyu suna magana suka yi shiru, sai in rubuta sunayensu. Matata ta ce na rame. Na ce zafi ne.

Wata safiya na ga abokina da iyalinsa suna kwashe albasa daga rudun garka suna kaiwa gida a amalanke. Ba lokacin sayarwa ba ne. Na rubuta wannan ma, na sa masa lamba, na ce alama ce ta mai shirin mugunta. Ban yi ƙarya ba, alama ce. Alamar mutumin da ya sa hannu cikin rami ya san abin da ke tafe.

Ruwan da ya zo ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Can arewa kan duwatsu ya zuba. Bayan azahar muna zaune rana tana dukanmu muka ji ƙugi. Kowa ya san wannan ƙugin. Muka ruga bakin ƙorama, maza da mata. Ruwa ya iso ja wur, da itace da kashin awaki a bakinsa, ya bugi bango, ya tsaya, ya fara hawa yana bazuwa yadda aka gina shi ya yi. Na ji wani ya ce, "Alhamdu lillahi, ya riƙe." Na duba hannun gabas, fari tas, ƙayata tana kewaye da shi.

Sai wata tsohuwa ta nuna da sanda. A ɓangaren ƙasa, inda ya kamata a ce busasshe ne, yashi yana tafasa kamar tukunya. Ruwa bai bi ta saman bango ba. Ta ƙarƙashi ya bi. Muna kallo tafasar ta zama ido, idon ya zama ƙorama. Ba ƙara, ba fashewa. Hannun gabas ya sunkuya a hankali, ya durƙusa kamar raƙumin da za a sauke wa kaya, ya kwanta. Ruwan duka ya juya ta wannan ƙofa ya shiga garkar abokina.

Yana tsaye taki kaɗan daga inda nake, hannunsa a baya. Bai dube ni ba. Ni ma ban iya duban sa ba.

Washegari ruwa ya janye na sauka. Ƙarƙashin inda hannun yake akwai kogo wanda na tsaya a ciki kaina bai taɓa sama ba. Ya yi nisa ciki fiye da inda kowace sanda za ta kai. Damina biyu ruwa yana zare yashin nan ƙwaya-ƙwaya. Toshiyar simintina kuwa na same ta can gefe, ba ta ko tsage ba, fara sol, kamar murfin tukunya. Na zauna a kan dutse na buɗe kaye wurin shafin da na rubuta a Tahoua. Ɗaya, biyu, uku. Na ciro bik na ƙara ta huɗu, wadda mushe ya faɗa na ƙi rubutawa: ruwa ma yana yi.

Daga nan na wuce garkar. Yashi ya binne ta har gwiwa, mangwaro biyu sun kwanta, rudu babu shi. Na iske shi inda bakin rijiya yake, yana kwasar yashi da shebur, shi kaɗai. Na yi sallama ya amsa bai tsaya ba.

Ban iya ba da haƙuri kai tsaye ba, ban saba ba. Sai na yi abin da na iya. Na ce ina da magana huɗu, zan faɗe su bi da bi. Ta farko, injiniya ta yi mini bayani ban ji ba na ce na ji. Ta biyu, na duba ƙamus na ɗauka cewa ta yi bango ya yi sape.

Shebur ya tsaya.

"Ya yi mi?"

"Sape."

"Irin na Abidjan?"

"Irin shi."

Ya dube ni, ya dubi kangon bangon da sauran farar ƙasa a jikinsa. Dariya ta kama shi har ya zauna kan yashi yana riƙe da ciki. "Bango ya yi sape! Da ka ce mani, ai da na ara mashi takalmina masu tsini!" Ni ma na yi 'yar dariya, na ɗauka an wuce wurin.

Ya share ido. Da ya sake magana babu dariya a ciki.

"Bari sauran biyun, na san su. Ka tambayi littahin da gara ta ci. Ka hau mota ka tahi hat Tahoua ka tambayi mushe. Ni ina nan taki ashirin, hannuna cikin ramin, ba ka tambaye ni ba. Mangwaron ga ba su dame ni ba, ana dasa wasu. Amma shekara nawa muke tare, kac ce ni."

Ya miƙo mini shebur.

"Riƙa, Shef. Rijiyar tana ƙasa."

Kwana tara muka yi kafin mu ga ruwa. Rijiyar ta dawo. Mangwaron ba su dawo ba. A wannan shekara rijiyoyin gabas sun ƙafe da wuri, magidanta biyar da suka daina tafiya cin rani sun sake ɗaukar jaka. Rahoton injiniya ya iso da Faransanci bayan girbi, shafi na biyu ya faɗi komai dalla-dalla. Na tsaya gaban kwamiti na karanta, na kuma faɗi abin da na yi, da lambobinsa. Ba su cire ni ba, wataƙila don ba mai son riƙe kaye. Da rani muka sake gina hannun, abokina ne a kan tushe. Sai da muka haƙa kusan ninki biyu na zurfin farko kafin mu iske dutse. Bai ce "ai na faɗa" ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Na koma wurin mushe daga baya na ba shi labari. Wannan karon bai yi dariya ba. Na tambaye shi ko kalmar tana hawa kan mutumin da ya yi wa kansa. Ya ce tana hawa, akwai yadda ake faɗin haka. Na ce ya rubuta mini, ya rubuta.

Abin da na gane, kuma nake so wanda ya karanta ya ɗauka, ba yawa. Kalmar nan ba ta zo da mai laifi a cikinta ba. Tana faɗin yadda abu yake lalacewa ne kawai: ba a gani, ba a sauri, kuma daga inda ya dogara. Ni ne na cika gurbin da sunan mutum, don ya fi mini sauƙi a ce ana ƙina da a ce tushena yana kan yashi. Kuma cikin sati ukun nan, idan akwai wanda ya cika sharuɗɗan nan uku a kan wani, ni ne. A ɓoye na yi ta rubuta shi, kaɗan-kaɗan, ina haƙa ƙarƙashin abin da muka gina tun muna yara.

Mun ci gaba da zumunci. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, ranar Salla idan na sa sabuwar riga yakan ce, "Yau an yi sape," mutane su yi dariya. Wanda ya gan mu zai ce ba abin da ya taɓa faruwa. Amma tun daga safiyar nan a gindin bango, "Shef" yake ce mini kamar kowa. Ni na san bango mai kyan fuska, saboda haka wannan bai taɓa barina na sake ba. Kuma ba abu ne da zan roƙa ba. Yaya mutum zai je ya ce don Allah a ci gaba da yi masa ba'a?

Duk shekara kafin ruwan farko mukan sauka ƙorama mu biyu. Shi da sandar ƙarfe, ni da kaye. Yana bin gindin bango taki-taki yana turawa, yana faɗa, ina rubutawa da lamba. Bara mun kai hannun gabas, ya durƙusa da ƙyar don gwiwa ta fara ba shi wahala, ya tura sandar, ta yi ƙara a kan dutse. Ya sake turawa, ta sake yin ƙara.

"Nan lahiya lau," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Rubuta, Kwamanda."

Na rubuta. Ban ɗago kai ba, muka ƙarasa aikinmu. Sai da na koma gida na buɗe shafin na ga daga shida na tsallaka zuwa takwas.

Ban gyara ba.